Yadda Za Ka Raba Mesarka da Ƙuma Ba Tare da Gari Ya Ji Ba

Kai mai maciji a gida, matso kusa. Idan ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, ba ka tsallake ba, ba ka yi mini gardama ba, na yi maka alkawari cikin kwana arba'in ƙuma za ta bar jikin dabbarka, kuma ko maƙwabcin da kuka haɗa danga ba zai san ta taɓa kama ta ba. Ba labari aka ba ni ba, a kaina aka yi.

Ni ne Hudu Gardi na Gagarawa, ɗan marigayi Dogo Gardi. Idan ka taɓa cin kasuwar Maigatari ranar Alhamis ka ga wani da mesa a wuya yana tallan maganin cizo, to mun haɗu. Sunan mesar Kyauta, tsawonta kamu bakwai, shekararmu goma sha ɗaya tare. A bazarar 1955 wani ƙwaro da bai kai ƙwayar gero ba ya kusa kashe mini ita. Na gama ajin Yaƙi da Jahilci, malaminmu ya ce kowa ya rubuta abin da zai amfani jama'a. Wasu sun rubuta yadda ake shanya gyaɗa, ni kuwa abin da na sani ke nan. Kada ka damu da cewa na tona asirina a takarda, masu sayen maganina ba su iya boko ba.

1. Ka ƙaryata idonka

Wata safiya za ka ga baƙaƙen ɗigo-ɗigo a gefen idonta da ƙarƙashin haɓarta, kamar an barbaɗa mata garin gawayi. Ka ce ƙura ce. Idan ka ga ƙurar tana tafiya da ƙafafunta, ka ce iska ce take kaɗa ta. Idan ka shafa bayanta ka ga jirwayen jini a tafin hannunka, ka goge a wando ka yi zancen tsadar gero.

Kada ka raina wannan mataki. Mutumin da yake rantsuwa a tsakiyar kasuwa cewa gidan da aka turara maganinsa ko sauro ba ya shiga sai da sallama, ba ya tashi rana ɗaya ya ce ƙuma ta ci abokiyar sana'arsa.

Daga nan mesa za ta guji makwancinta ta nemi ruwa. Kyauta randar matata Rakiyya ta zaɓa. Rakiyya ta saka moɗa za ta ɗebi ruwan koko, moɗar ta ƙi nitsewa. Ba ta yi ihu ba, shekara tara a gidan gardi ta cire mata wannan. Kirana ta yi, ta nuna mini abin da yake yawo a saman ruwa, ta ce, "Maigida, wannan ƙuma ce." Na ce mata dattin randa ne, ta riƙa wanke kayanta. Kwana goma na yi ina musu. Kai ka yi uku, ya ishe ka.

2. Ka nemo mai laifi

Fara da kajin matarka, su ne mafi kusa. Sai dai ka tabbata matarka ba irin Rakiyya ba ce, wadda ta kamo kajinta huɗu ɗaya bayan ɗaya, ta ɗaga fukafukansu a gaban hancina, fes da su. Idan kaji sun kuɓuta, koma kan jakin maƙwabci. Jaki ba ya kare kansa.

Gaskiyar kuwa, ka riƙe ta a cikinka. Tawa ga ta. Muna dawowa daga kasuwa gorar wani gardi, Ɗantsoho na Gumel, ta faɗo daga kan jaki ta fashe, ya rasa inda zai sa ƙaramar mesarsa. Na ce ya zuba ta cikin masakina su taho tare da Kyauta. Ba tausayi ya sa ni ba, so nake ya ga masakin da kyau. Ƙatuwar ƙwarya ce ta gado, kakana ya bar wa ubana, ubana ya bar mini. An naɗe ta da fatar akuya, gyartai ya ɗinke ta wuri shida, ƙulle-ƙullen asiri bakwai na rataye a wuyanta. Ɗantsoho ya yaba, na ji daɗi, mesarsa kuma ta sauke mana baƙinta ta tafi.

3. Ka gwada maganin da kake sayarwa

Dole ne, don kada zuciyarka ta zarge ka daga baya. Rufe ƙofa, zuba garwashi a kasko, barbaɗa maganin da hannu biyu. Ni na turara har Rakiyya ta fita tsakar gida tana tari, Kyauta ta cusa kanta ƙarƙashin jikinta, ni kuma idona ya yi ja kamar na ci barkono. Da hayaƙi ya washe na duba, ƙumar nan ko a jikinta. Ranar na gano wani ilmi da ba a koya mini ba: ashe maganina sai an biya shi yake aiki, ni kuwa ban biya ba.

Wani zai ce maka ka nemo farar hodar nan ta duba-gari. Kada ka soma. Na roƙo kaɗan a ƙunshin takarda da sunan kuɗin cizo ya dame mu. Allah ya taimake ni ƙunshin ya zube a gindin rumbu, ƙadangare ya bi ta ciki. Kafin azahar yana rigingine, ƙafa huɗu a sama. Abin da ya yi wa ƙadangare haka ba zai bar mai jan ciki ba.

4. Ka je wurin malami, amma na nesa

Malamin unguwarku ya san ka, ya san matarka, matarsa kuma ta san kowa. Ka yi tattaki. Ni Ɗanzomo na tafi, wurin Malam Ishaƙ. Na durƙusa na gaishe shi, na ce ina da mara lafiya a gida, ƙaiƙayi ya hana ta ci, ya hana ta zama wuri ɗaya. Ya jawo allo da tawada, ya tambayi sunanta. Na ce Kyauta. Ya tambayi sunan mahaifiyarta, kamar yadda suke yi. Na ce ban sani ba.

Ya ɗago kai ya ce, "Matarka ce, ba ka san sunan surukarka ba?"

Na ce, "Allah gafarta Malam, ba matata ba ce."

"'Yarka?"

"A'a. Amma a ɗakina take kwana, shekara goma sha ɗaya."

Da na ga ya ajiye alƙalami yana salati, ba shiri na fito masa da gaskiya. Ya yi dariya har sai da ya gyara rawani. Ya ce addu'a zai yi, domin ita ma baiwar Allah ce, amma wannan ciwo na masu kaji ne, su suka san kansa. Ya ce duk ƙasar Gumel ba wanda ya san ƙuma kamar wata tsohuwa a Sule Tankarkar, ana ce mata Iya mai kaji, in je in ce shi ya turo ni.

Ka ji inda aka tura ni. Iya mai kaji ita ta haifi Rakiyya.

5. Ka tafi gidan surukarka da ƙafarka

Ka sani tun yanzu, wannan ya fi cizon kunama zafi. Iya ba ta taɓa taka gidana ba tun ranar da aka kawo mini 'yarta. Ta rantse ba za ta shiga gidan da igiya take numfashi ba. Ga kuma kunya ta surukai: ba na haɗa ido da ita, ba ta kiran sunana, in na hango ta a hanya sai in shige gonar wani.

Ka cire takalmi tun daga nesa. Ka tsuguna a bayan danga, ka kafa ido a ƙasa, ka bar matarka ta shiga da bayani. Kada ka sa rai za a yi maka magana. Iya da ta gama sauraron Rakiyya, sai ta ɗebi tsaba ta watsa, ta ɗaga murya daidai yadda za ta tsallake danga.

"Ku kaji, ku saurara. Wai mai maganin cizo ne cizo ya bi har ɗaka."

Kaji suka duƙufa kan tsaba. Sai ta ci gaba da koya musu. Ta ce a samu ruwa mai ɗumi irin na wankan jariri, a jiƙa mara lafiya a ciki har ƙumar ta nitse. A tsane ta, a samu gashin kaza a tsoma a man gyaɗa, a bi gefen ido da haɓa da duk wani lungu. A share ɗaki, a watsa toka mai zafi a ƙasa, a ƙona tsohuwar shimfiɗa. A ƙarshe ta faɗa wa kajin cewa ita kam idan ƙuma ta shiga akurki ba ta wanke shi, wuta take cinna masa, domin ƙwai a jikin akurki yake.

Daidai nan zakara ya yi cara, na ce ban ji wannan na ƙarshe ba. Kai ma idan an zo wurin da ba ka so, ka nemi zakara.

6. Ka yi wanka, ka yi shafa

Samu babbar kwatarniya. Sa matarka ta baza labari cewa tana haɗa daddawa, ba wanda zai leƙo. Sannan ka shirya, domin mesa mai kamu bakwai da aka shafa wa man gyaɗa ba ta riƙuwa. Ka kama wuya, wutsiya ta tafi; ka kama wutsiya, kai ya shige madafa. Ni da Rakiyya mun faɗi sau biyu, rigata ta sha mai fiye da mara lafiyar.

Amma abin ya yi aiki. Ruwan kwatarniya ya yi baƙi da gawarwaki, Kyauta ta fito tana sheƙi. Na ƙona tsohuwar ciyawa, na zuba sabuwa a masaki, na mai da ita ciki, na ce wa Rakiyya ta aika wa uwarta cewa an gode, ko da yake dama na san wannan dabara.

Kwana goma ƙuma ta dawo. Na sake wanka, na mai da ita masaki, ta sake dawowa. Sau uku ana haka.

Kafin nan Alhamis huɗu sun wuce ban je Maigatari ba. Ka tanadi dalili. Ni cewa na yi na gurɗe a ƙafa, kuma ka riƙa tuna wace ƙafa ce, don wani mai awon gyaɗa a tashar jirgi ya tambaye ni yadda targaɗe ya yi ya tashi daga hagu ya koma dama.

Wasa ya ƙare a wanka na uku. Fatar Kyauta ta yi laƙwas, ƙashin bayanta ya fito. Na sa mata ɓera, ɓeran ya hau kanta ya zauna yana wanke fuska. In na ƙwanƙwasa gefen masaki takan fito da harshe ta neme ni, yanzu ta daina.

7. Ka ji abin da zakara ya hana ka ji

Wata safiya Rakiyya ta ɗauki masakin ba tare da ta tambaye ni ba, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta kai shi rana, ta sa tsinke ta ɗaga ɗinkin gyartai wuri ɗaya, ta ɗaga bakin fatar akuya. Sai ga su suna zubowa, manya da ƙanana. Ta ce, "Maigida, wanka kake mata kana mai da ita gidan masu cin ta."

Na sani. Tun a bayan dangar Iya na sani. Amma bari in faɗa maka abin da Rakiyya ba ta ji ba. Ranar da ubana zai rasu ya kira ni ya ɗora hannuna a kan masakin nan. Ya ce maciji ba ya da aboki, ba ya san alheri, abin da ke cikin ƙulle-ƙullen nan ne yake riƙe shi. Ya ce ranar da masaki ya bar hannuna, duk abin da na ajiye a ciki ba zai ƙara sanina ba. Shekara goma sha ɗaya ina kwana ina tashi da wannan magana.

To ga inda za ka tsaya kai ma. Ka riƙe masaki ta mutu tana hannunka, ko ka ƙona shi ta rayu ta manta da kai. Na zauna a tsakar gida tun hantsi har la'asar, masaki a dama, kwatarniya a hagu da Kyauta a cikin ruwanta. Na ji tsoro, na ji haushin ubana da ya bar ni da wannan zaɓi, na ji kunyar jin haushinsa. Can Kyauta ta yi ƙoƙarin ɗaga kai ta ɗora a bakin kwatarniya, kan ya zame ya koma ruwa. Sai da na sa hannu na tallafe shi. Ban ƙara wani tunani ba, na ce wa Rakiyya ta kawo garwashi.

8. Ka ƙona

Kada ka jefa ƙulli a wuta ba ka buɗe ba, ko akwai sunan Allah a ciki. Na ɗauki aska na farke bakwai ɗin nan. Ba ko harafi ɗaya. Akwai saiwa, akwai gashin da nake zaton na kura ne, akwai tsumma, sauran duk ƙuma ce, har da wadda nake jin tun zamanin kakana take zaune.

Haɗa komai, masaki da fata da murfi, kai bayan gida, tara kara a kai. Fatar akuya tana da wari, maƙwabci zai tambaya ta kan danga. Ka ce tsohon takalmi ne. Kada ka bar wurin sai ya zama toka, domin idan ka juya baya zuciyarka za ta ce ka ciro ko ɗan ɓari ka ajiye. Ni Rakiyya ce ta tsaya kusa da ni da muciya a hannu, wai tana gyara wuta.

Sabon makwanci ya zama abin da ba shi da ɗinki, ba shi da lungu, ba shi da tarihi. Ni sabuwar kwatarniya na saya da faifai. Kullum ka ƙona ta da tafasasshen ruwa, ka kifa ta a rana, ka ci gaba da wanka da shafa.

9. Ka karɓi 'yan dubiya

Kwana goma suka wuce, na duba ido, na duba haɓa, ba ko ɗigo. Kwana ashirin, haka. Ta yi saɓa, tsohuwar fata ta fita gaba ɗaya tun daga hanci har wutsiya. Sai dai har lokacin ba ta ci komai ba, wata biyu da rabi ke nan.

Ran wata Juma'a da hantsi muka ji sallama. Iya ce, da ƙafarta, tun daga Sule Tankarkar, da sagarar kaza a hammata. Na yi abin da ya kamaci suruki, na ruga bayan rumbu ba takalmi. Ta wuce 'yarta, ta tsaya a ƙofar ɗakin da Kyauta take, ba ta shiga ba, don ba ta manta rantsuwarta duka ba. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta yi wa kazar magana.

"Ke, shiga. Ba don shi ba. Don baiwar Allahn nan da ta sha wuya a hannun mai taurin kai."

Ba zan ba ka labarin abin da ya biyo baya ba, kila kana cin abinci. Ta ci, shi ke nan. Iya ta sha ruwa a randar nan da ka sani, ba wanda ya faɗa mata komai, ta kama hanyar gida kafin la'asar.

10. Ka gwada ta

Za ka so ka tsallake wannan. Kada ka yi. Ba ka ɗaukar mesa ka shiga taron Maigatari, ga yara, ga Buzaye da raƙuma, ga mutanen Damagaram, ba ka san ko ta san ka ba.

Da kazar ta narke a cikinta, ƙarfinta ya dawo, na ɗauke ta a buhu na kai ta bayan gari, gefen wata tsohuwar gona. Akwai suri a wurin mai rami a gindinsa, irin wanda mesa take so. Na juye ta a ƙasa. Ba masaki, ba ƙulli, ba abin da zan ƙwanƙwasa. Na taka zuwa gindin wata aduwa na zauna, na juya mata baya. Rakiyya tana tsaye daga nesa da buhu a hannu.

Na yi alkawarin ba zan waiga ba, amma na waiga sau ɗaya. Ta doshi surin, kanta ya riga ya shige rami. Na mai da fuskata. Na ce a raina to, ubana ya yi gaskiya, ta tafi da lafiyarta, haka na zaɓa. Na faɗi haka sau uku don in yarda, ban yarda ba. Rana ta yi zafi, kurciya tana kuka a kan aduwa, ni kuwa ina zaune ina kallon tururuwa.

Ban san tsawon lokacin ba. Sai na ji sanyi a dugadugina, sannan nauyi a kan cinyata. Ta hau a hankali yadda ta saba, ta bi bayana, ta zagayo wuya, ta ɗora kai a kafaɗar hagu, ta taɓa kunnena da harshe. Na yi kuka, ba na ɓoye maka, irin wanda ban yi ba ranar da aka binne ubana. Shekara goma sha ɗaya ina gode wa ƙwarya.

Rakiyya ta ce duk filin nan inuwa ɗaya ce, ni kuma na zauna a cikinta, ina mesa za ta je. Ka ƙyale mata da irin wannan magana, ba su san sana'a ba.

Ba ruwana

Duk abin da ya same ka wajen bin matakan nan, kai ka jawo wa kanka. Idan naka kumurci ne, ka tsoma gashin kaza a mai ka nufi idonsa, magadanka kada su ambaci sunana. Idan ka zame a man gyaɗa ka gurɗe da gaske, ka nemi maɗori, ba ni ba. Idan surukarka ba ta kiwon kaji, tun wajen neman aure ka yi kuskure. Idan ka farke ƙullin kakanka ka ga abin da ya sa ka kasa barci, ban ce ka gada ba.

Idan kuma ka ƙona naka masakin, ka kai ta bayan gari, ta shige suri ba ta fito ba, kada ka zo Gagarawa nemana. Ni maganin ƙuma na koya maka. Maganin sa ta zauna da kai kuwa ban san shi ba, ubana ma ashe bai sani ba. Ka dai zauna, ka juya baya, ka jira.